Wa Ke Zaɓa Maka Littafi na Gaba?

Ban daɗe da sauka Birmingham ba wata abokiyar aikina ta ja ni wani zama da suke yi sau ɗaya a wata a ƙaramin laburaren unguwarsu. Ba su fi su goma ba, yawancinsu mata da suka manyanta, kowace da kwafin littafi iri ɗaya a cinya da kofin shayi a gefe. An kwashe sa'a guda ana tattauna labarin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen zaman, da aka zo zaɓen wanda za a karanta a wata mai kamawa. Kowa ya ambaci littafi, ya faɗi dalilinsa a taƙaice, aka ɗaga hannu, mai rinjaye ya wuce. Wata dattijuwa da ba a ɗauki nata ba ta ce babu laifi, dama yana cikin tarin da ke gefen gadonta, zai jira. Kafin ta rufe baki kowa ya shiga ba da labarin nasa tarin.

Wannan tari na littattafan da aka saya ba a karanta ba abu ne sananne a nan, har masu karatu sun aro masa kalmar Japanawa, tsundoku. Dalilinsa a fili yake. Sabon littafi mai laushin bango ba shi da tsada sosai, a shagunan sadaka irin na Oxfam kuwa da fam 2 ko 3 sai ka ɗauki na hannu. Wata doka ta 1964 ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila nauyin samar da laburare, aro kuma kyauta ne. Babban laburaren birnin nan, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, sai ka yini a ciki ba ka gama zagaya shi ba. Mutumin da ke zaune cikin irin wannan yalwa, damuwarsa ita ce da wanne zai fara, shi ya sa ba ya gajiya da tambayar 'yan'uwansa masu karatu.

Ni da na tashi a Kano ban san wannan damuwa ba. A zauren malaminmu ba a tambayar ɗalibi abin da yake sha'awa. Ka sauke Ƙawa'idi, ka ɗauki Ahalari, daga nan Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, wanda Allah ya nufa da nisa ya kai ga Askari da Muhtasar. Ranar da baƙon ɗalibi ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, karatu nake so," tambayar farko da zai ji ita ce, "Ina ka tsaya?" Daga amsarsa Malam zai san littafin da ya dace da shi. Wani lokaci ma sai ya mayar da shi baya, ya ce ka koma ka sake Ishmawi tukuna. Babu wanda ke jin an tauye shi, domin an yarda cewa mai zaɓen ya riga ya bi hanyar, ya san inda ramukanta suke.

A nan Ingila tambayar farko daban ce. Idan ka nemi shawarar mai sayar da littattafai ko ma'aikaciyar laburare, cewa za su yi, "Wane iri ka fi so? Wanne ka karanta kwanan nan ya burge ka?" Daga nan sai su lalubo maka mai kama da shi. A shagunan Waterstones za ka ga ƙananan katuna da ma'aikata suka rubuta da hannu suka maƙala a jikin kanta, kowa yana yabon wanda ya ji daɗinsa. Ma'aunin duka shi ne ɗanɗanonka. Malaminmu yana duba abin da ka rasa, su kuwa suna duba abin da ka riga ka so. Na daɗe ina juya wannan bambanci a zuciya, kuma har yau ina ganin tambayar Malam ta fi kai mutum gaba, ko da yake tasu ta fi sa mutum ya zauna da littafi ba tare da an tsaya a kansa ba.

Sai dai zaure rabin labarinmu ne kawai. Ɗaya rabin a ɗakin yayata na gan shi. A shekarun da littattafan soyayya suka cika Kano, bayan fitowar irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, ƙawayenta ba sa zuwa hannu rabbana. Wannan ta zaro littafi daga cikin mayafi ta ce, "Ungo, jibi zan karɓa, akwai mai jira." Ita ma Yaya ta miƙa mata wani. Ni ne ɗan aike zuwa wurin mai hayar littattafai, wanda yake da ƙaramin shago da littafin rubuta sunaye, kuma ya san abin da kowane gida ya karanta. In na ce a ba ni na biyu sai ya ce, "Ka gaya wa yayarka na biyun yana hannu, ta riƙe wannan kafin ya dawo, marubuciya ɗaya ce." Da yake labaran kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa littafin da kansa ke zaɓa maka na gaba.

A nan ne na ga babban abin da ya raba mu da su. A wurinmu shawara tana zuwa da littafin a hannu, da wa'adi, da mutumin da zai tsare ka da tambaya. Ba za ka mayar da littafin ƙawar Yaya ka ce ba ka buɗe ba, domin tana karɓa za ta ce, "To, ya kika ga abin da uwar mijin nan ta yi?" A nan kuwa galibi suna kawai ake ba ka. Mai ba da shawarar bai rabu da komai nasa ba, kai ma ba ka ɗauki nauyin komai ba. Ka rubuta sunan a waya, ka saya, ka ɗora a kan tari. Kowace shekara kyautar Booker, wadda aka fara bayarwa a 1969, tana fitar da jerin littattafai 12 ko 13, ta rage su zuwa 6, sannan guda ya lashe fam dubu 50. Jaridu su ɗauka, shaguna su jera su a bakin ƙofa, jama'a su saya da niyya mai kyau. Da yawa daga cikin kwafin nan a gefen gado suke ƙarewa.

Ina ganin wannan ne ya sa suka riƙe zaman wata-wata da muhimmanci. Abin da aro da wa'adi suke yi mana a gida ba tare da an tsara ba, su sai da suka kafa masa rana da wuri da ƙuri'a. Laburarori da dama har kwafi goma ko fiye na littafi guda suke tanada don irin waɗannan ƙungiyoyi. Kuma tsarin yana da wata fa'ida da ba mu da ita: yana tilasta maka karanta abin da ba kai ka zaɓa ba, daga hannun wanda ba danginka ba, ba kuma ɗan unguwarku ba. Da aka zo kaina na ambaci Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Ba su taɓa jin sunan Balaraba ba, amma suka ɗaga hannu. Wata guda bayan nan na zauna ina sauraron matan Birmingham suna muhawara a kan Rabi, jarumar labarin, da mijinta kamar maƙwabtansu ne, wata tana cewa ta san namiji irinsa a danginta.

Wannan buɗaɗɗen zuciya ya sa na tuna raunin namu tsarin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya dogara da aro, iyakar karatunsa iyakar abin da ke yawo a unguwarsu. Na girma ina jin manya suna yanke wa littattafan matan nan hukunci ba tare da sun buɗe ko shafi ɗaya ba, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Ɗalibin zaure ba ya ba 'yar'uwarsa shawarar littafi, ita ma ba ta ba shi. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne kaɗai nake iya tunawa sun shiga hannun kowa a gidanmu, su ma makarantar boko ce ta shigo da su. Yanzu da labarai suka koma WhatsApp da Wattpad, yalwar da na tarar a nan ta fara isa gida: wayar ƙanwata cike take da littattafan da aka turo mata ba ta buɗe ba, kuma babu wanda zai zo jibi ya karɓa.

Saboda haka roƙona ga masu karatu a Kano da Zariya da Damagaram shi ne mu ɗauki ranar nan guda a wata, mu haɗa wanda ya sauke Risala da wadda ta haddace littattafan Bilkisu Funtuwa a tabarma ɗaya, kowa ya samu ranar da za a bi zaɓinsa. Amma kada mu yar da namu. In za ka ba ɗan'uwanka shawarar littafi, ka ba shi kwafinka a hannu, ka sa masa rana, in ya dawo da shi ka tambaye shi inda ya tsaya.