A Sa Tsofaffin Fursunoni Su Taimaki Masu Ɗaurin Talala

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in yi magana a kan ɗaurin talala, watau hukuncin da alƙali kan yanke wa mai laifi ya koma gida ya zauna, amma da wani ma'aikaci mai duba halinsa.

Asalin wannan aiki ba daga wani babban masanin shari'a ya fito ba. Wani baduku ne mai ɗinkin takalma a birnin Boston ta ƙasar Amurka, sunansa John Augustus. A cikin 1841 ya tsaya wa wani mashayi, ya roƙi alƙali a ba shi shi. Bayan mako 3 ya komo da shi ya shiryu, aka ci shi 'yar tara kaɗan, aka sallame shi. Ingila kuwa ta kafa dokar ɗaurin talala a cikin 1907.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanen Ingila suka fara sa waɗanda suka taɓa shan ɗauri a cikin wannan aiki. Wata ƙungiya ta London, St Giles Trust, takan koya wa tsofaffin fursunoni aikin ba da shawara. Ran da aka saki mutum, ɗayansu ya tarye shi a bakin ƙofar gidan yari, ya raka shi neman masauki da magani da aikin yi, domin a kwanakin farko ne tsofaffin abokai kan sake jan mutum. A cikin 2009 kuma Mark Johnson, wanda shi kansa ya sha ɗauri ya kuma sha wahalar ƙwaya, ya kafa User Voice, masu laifi suna zama majalisa suna faɗa wa hukuma inda aikinta ya gaza.

Na san wani tela a unguwarmu wanda a gidan yari ya koyi ɗinki. Da ya fito, shekara guda ba mai kawo masa ko ƙwaryar riga. Yau samari 'yan shaye-shaye da ba su jin maganar liman, ba su jin tawa ni malamin makaranta, shi suke saurara, don ba su iya yi masa ƙarya. Ya riga su sanin kowace dabara.

Lalle wani zai ce, ai wannan ba kura ajiyar nama ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ni ma ban ce kowane fursuna ya dace ba. A zaɓi wanda ya yi shekaru ba a sake jin kansa ba, a koya masa aikin, a biya shi albashi, a sa shi ƙarƙashin ma'aikacin hukuma. Ikon mai da mutum gaban alƙali kuwa ya tsaya a hannun ma'aikacin kaɗai, don kada a sami hanyar cin hanci ko ramuwar gayya.

Mu ma nan Nijeriya dokar 2019 ta sāke wa hukumar gidajen yari suna ta zama ta gyaran hali, ta kuma ɗora mata aikin ɗaurin talala, ga shi fiye da rabin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Ina roƙon shugabannin wannan hukuma su gwada abin a gari ɗaya tukuna, ko Kano ko Kaduna, sa'an nan su ƙidaya mutum nawa suka koma kurkuku, su buga mana a jarida mu gani.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.