Kwana goma a Jimma, wajen manoman kafe

Kun ce mu ba ku labarin tafiyar da muka yi ƙasar Habasha, inda mu uku daga ƙungiyoyin asusu muka raka ɗaliban aikin gona karatun gani da ido wajen manoman kafe. To ga shi.

Daga Yamai jirgi ya sauke mu Adis Ababa, daga nan sai mota. Jimma tana kudu maso yamma, wajen kilomita 350. Hanya tana gangarawa cikin kwarin kogin Gibe, inda muka ji zafi irin na gida, sannan ta sake hawan duwatsu har kunnuwa su toshe. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,700, shi ya sa alwalar asuba sai an daure. Ƙasa ja ce, ko'ina kore. Yawancin mutanen Oromo ne kuma musulmi, don haka ba mu yi baƙunta sosai ba. An kai mu fadar katako ta Sarki Abba Jifar, wanda ya yi mulki daga 1878 zuwa 1932, da cibiyar binciken noma ta Melko inda ake zaɓen irin kafe mai jure cuta. Amma kwanakin da suka fi amfani su ne na ƙauye.

Wadda ba ta taɓa ganin gonar kafe ba za ta ce daji ne. Iccen bai fi mutum tsawo sosai ba, kuma a inuwar manyan itatuwa yake rayuwa. Manomi ba ya sare su, don ganyensu taki ne, inuwarsu kuma tana kare kafe daga ƙunar rana. Wani ɗalibi ɗan Matamai ya ce ai wannan gawonmu ne da sassaben zamani, kowa ya yi dariya, amma gaskiya ya faɗa.

Bayan an dasa, sai an jira shekara uku zuwa huɗu kafin a ga ɗa. Ƴaƴan sun ɗan fi kurna girma, in sun nuna su yi jawur, a ciki ƙwaya biyu. Girbi yana kamawa daga Oktoba zuwa Disamba, kuma da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, don reshe guda ba ya nuna tare. A tsinke ja, a bar ɗanye, bayan kwanaki a dawo. Ɗalibanmu sun yi safiya guda suna tsinka, yaran gidan sun cika kwando su ko rabi ba su kai ba. Sai an tara kilo biyar zuwa shida na jan ɗa kafin a samu kilo guda na ƙwayar da ake soyawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, mu masu akwati, shi ne shawarar da manomi ke yankewa kowane maraice na kaka. Hanya biyu ce. Ko ya kai jan ɗan wurin wankewa a ranar, tun bai yi tsami ba, a auna a ba shi kuɗi a hannu. Wankakken kafe ya fi daraja a waje, kuma in wurin na ƙungiyar manoma ne, ɗan ƙungiya yana iya samun ƙarin kuɗi daga baya in an ci riba. Ko kuma ya shanya shi da ɓawonsa a kan gadon waya, mako biyu zuwa uku, ana juyawa, ya zuba a buhu ya ajiye a ɗaka. Busasshen yana yin watanni. In kuɗin lakwal ya taso ko rashin lafiya, a ɗebi kaɗan a kai kasuwa. Wato buhun nan shi ne akuyarsu.

Amma talauci halinsa ɗaya ko'ina. Damina tasu, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin ƙarancin kuɗi ne, kuma wanda ya ci bashin ɗan kasuwa a lokacin, kafensa ya riga ya tafi tun yana bisa icce. Muka gaya masu yadda ake yin warantaji a wajenmu: a kulle wake ko hatsi a magazan da kaka, a karɓi bashi a kansa, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Sun yi ta tambaya a kan makulli, wa ke riƙe da shi.

Su ma suna da adashe, sunansa ikub, ana zubi ana kwasa bi da bi. Suna da iddir kuma, na taimakon rasuwa. Akwati mai ba da bashi da riba, a raba ƙarshen shekara, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991, shi ma ya isa Habasha. Sai dai a gidajen da muka zauna, mata suna tsinka, suna shanya, suna tsince mara kyau, amma babban buhu maigida ne ke kai shi kasuwa. Na mace shi ne ɗan abin da ta kalata ko na bayan ɗaki. Wannan ba sai an fassara mana ba.

Shan kafe a can ba irin na mai tebur ba ne. Uwargida za ta wanke ƙwayar, ta soya a gabanku, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya. Ga turaren wuta, ga gugguru. Sau uku ake zubawa, kuma na ukun sunansa baraka. A ƙauye wasu gishiri suke sawa maimakon sukari. Mun sha, ba mu ce komai ba. Kaso mai yawa na kafen da ƙasar ke nomawa a gida ake shanye shi.

Akwai wadda ta tambaye mu tun kafin mu tashi: tunda kafe ba ya yi a ƙasarmu, mene ne amfanin kai yara? Tambaya ce mai kyau, kuma kuɗin jirgi ba wasa ba ne. A ganinmu, wanda ya je ya yi hoto a gona ya dawo, an yi asara. Waɗanda suka amfana su ne waɗanda suka kwana a gidan manomi, suka bi buhu daga gona zuwa sikeli suka ga inda kuɗi ke raguwa. Wata ɗaliba ƴar Tasawa ta ce da mu: «Inna, in na koma zan bi riɗin mahaifiyata haka, daga gona har hannun mai saye na ƙarshe.» Wani kuma ya zana gadon shanya da awonsa, yana son gwada shi da tattasai da tumatir a Difa da Dogarawa, don a daina shanya a ƙasa.

Abu biyu muka roƙi masu shirya tafiyar. Na farko, ƴan mata su kai rabi, don su ne matan gida ke ja zuwa madafa su gaya masu gaskiyar kuɗi. Ga namiji ba sa buɗe baki. Na biyu, kowane ɗalibi ya je ƙungiyar ƙauyensu ranar zubi ya ba da rahoto da Hausa, kafin ya rubuta na Faransanci. Ƙungiyar da ke son a turo mata ɗaya, shugabarta ta sanar da mu kafin rabon akwati na bana.