Allon da ya kunyata ni a Tarkwa Bay

Kafin karatu ya kawo ni Legas ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Iyo dai na iya, na kududdufi. A hutun zangon farko abokan ɗakinmu suka ja ni Tarkwa Bay, gaɓar da sai da kwale-kwale ake zuwa, inda na ga mutane tsaye a kan dogon allo suna tuƙa shi da filafili guda, wasu har suna hawa igiyar ruwa. Wasan nan a Hawai ta Amurka ya bunƙasa, kuma 'yan wasa irin su Laird Hamilton ne suka ƙara fito da shi a farkon shekarun 2000.

Da kuɗin abincina na kwana biyu na je wurin mai ba da hayar allunan. Idona ya faɗa kan wani gajere, siriri, mai tsinin baki, irin wanda na ga gwanaye suna juyi da shi. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗalibi, kilo nawa ne kai?" Na ce 78, amma wannan nake so. Ya miƙo mini bai ƙara magana ba.

Ƙannena, sa'a guda na yi ban tsaya da ƙafafuna na minti ɗaya ba. Da na ɗora gwiwa sai bayan allon ya nutse, da na miƙe sai ya zame ya bar ni ina shan ruwan gishiri, yara 'yan firamare suna ta dariya. Kuɗina ya tafi a banza.

Sai da na fito ya nuna mini lambobin da ke jikin allon: tsawo, faɗi, kauri, da cikinsa a lita. Nan darasin Akimidis na ajin kimiyya ya dawo mini. Lita ɗaya tana ɗaga kusan kilo ɗaya a ruwa. Allon da na ɗauka lita 95 ne; in ka haɗa nauyina da nasa, da ƙyar yake leƙo saman ruwa. Ɗan koyo yana buƙatar lita da ta kai ninki biyu na nauyinsa ko fiye, wato ni daga 160 zuwa sama. Gwani ne ke iya rage lita, domin jikinsa ya riga ya saba da rawar ruwa.

Faɗi kuwa ya fi ba ni mamaki. Nawa inci 28 ne, na 'yan koyo 32 zuwa 34. Bambancin bai kai taƙi ɗaya ba, amma shi ke raba mai tsayuwa da mai faɗuwa. Tsawo aikinsa daban: allo mai ƙafa 10 zuwa 11 yana tafiya sambal kuma yana kama ƙananan igiyoyi da wuri, mai ƙafa 8 yana juyawa da sauri amma sai igiya mai ƙarfi ta tura shi. Cikin Tarkwa Bay katangar duwatsu ta tare ƙarfin teku, saboda haka babban allo ya fi dacewa da mai farawa. Gaɓar Lighthouse da ke maƙwabtaka da ita ruwanta ya fi fushi, ban ma kusance ta ba.

Akwai na hurawa da famfo, wanda ake naɗewa a jaka. Ga mai zaman hostel ya burge ni, sai dai yana ɗan lanƙwasa a kan igiya, na fi son sandararre.

Abu biyu ba na wasa da su yanzu: igiyar da ke ɗaure allo a idon sawu, da duba iska. In tana busowa daga tudu zuwa teku ba na shiga, domin mutum a tsaye tamkar filafilan jirgi yake, za ta yi ta tura shi ciki.

Bayan makonni uku na koma, na karɓi mai ƙafa 10 da rabi, faɗi inci 33, mummuna kamar ƙyauren shago. A gwaji na uku na miƙe, ƙafafuna na karkarwa, wata 'yar igiya da ba ta wuce gwiwa ba ta ɗauke ni har bakin yashi. Mai hayar ya ɗaga mini hannu, ya ce in dawo da filafilin, ya yi mini tsawo, zai rage shi.