Gobara a duwatsun Kabili

Ƙasar Aljeriya tana arewa da Nijar. Can kusa da teku akwai wani yanki mai duwatsu da daji, sunansa Kabili. Ɗaya daga cikin manyan garuruwansa shi ne Tizi Uzu. Mutanen wurin suna gina ƙauyukansu bisa duwatsu. Gonakinsu na zaitun da ɓaure kuwa suna gangare.

A can, da sanyi ake ruwan sama. Sa'ad da ake damina a Nijar, su rani suke yi. Ciyawa ta bushe ƙayau, ga zafi, ga iska.

Ran 9 ga watan Agusta na shekarar 2021, wuta ta tashi a wurare da yawa cikin dajin Kabili. Ta yi kwana da kwanaki tana ci. Mutum wajen 90 suka rasu a ƙasar, har da sojoji 33 da suka je ceto. Gidaje da dabbobi suka ƙone. Itatuwan zaitun da kakanni suka dasa suka zama toka.

Me ya sa wutar dutse ta fi ta fili haɗari? Zafi sama yake yi. Idan wuta ta kama a gindin dutse, zafinta yana busar da ciyawa da ganyen da ke bisa, sai ta hau da gudu. Iska kuma tana ɗaukar tartsatsi ta jefa gaba. Ƙauyen da ke bisa dutse yana kan hanyarta ke nan.

Saboda haka manomi mai hankali ba ya jiran ya ga hayaƙi. Tun kafin zafi ya shigo, yakan ɗauki lauje ya yanke ciyawar da ke kewaye da gida. Ya sare rassan da suka taɓa rufi. Ya nisantar da itacen girki da harawa daga bango. Ya cika randuna da ruwa. Yaransa duka sun san hanyar fita da wurin haɗuwa.

Amma in shi ya share, maƙwabcinsa bai share ba, aikin bai cika ba. Wuta ba ta san iyakar gona ba. Mutanen Kabili suna da aikin gayya, suna ce masa tiwizi. Da irin wannan gayya ake share fili mai faɗi tsakanin daji da gari. In wuta ta iso nan, ba ta samun abin ci, sai ƙarfinta ya ragu. Haka ake yi a wuraren kiwo na Nijar: bayan damina, a nome doguwar hanya cikin ciyawa don tare gobarar daji.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa wuta take saurin hawa dutse?
2. Faɗi abu uku da manomi yake yi kafin zafi ya shigo.
3. Yaya ake tare gobarar daji a garinku?