Wata guda ina zagin waifai, ashe laifina ne

'Yan uwa da ke karatu a nan Kudu, bari in ba ku labarin abin da ya ci mini maki a zangon nan, ko wani zai tsira.

Laftaf ɗin da nake aiki da ita ta Yayana ce, ya bar mini lokacin da zan taho Ibadan. Ubuntu ce a kanta, ba Windows ba. Ni kuma don tsabar ƙiwa, sai na saita ta ta riƙa buɗewa kai tsaye, ba sai na rubuta kalmar sirri ba. Daga ranar rigima ta fara. Duk sanda na kunna ta a laburare, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri kafin ta hau waifai. In saka ta waifai, ya ƙi. In sake sakawa a hankali, harafi-harafi, ya ƙi. Sai in ja tsaki in koma kan datar wayata.

Ranar da aka yi mana gwaji ta intanet, minti 20 kacal, ba ni da data ko ta kwabo. Akwatin nan ya fito. Wallahi zufa ta karyo mini. Minti 7 suka tafi ina fama, kunya kuma ta hana ni tambayar kowa, kada a ce aboki bai iya kwamfuta ba.

Wata 'yar ajinmu Bayarabiya ce ta leƙo, ta ce ai ba kalmar waifai yake nema ba, kalmar shiga laftaf ɗin ce. Ina sakawa ta hau!

Bayan mun fito ta yi mini bayani. Ubuntu tana da wata ma'ajiya mai suna "keyring", kamar akwatin ƙarfe ne da take kulle kalmomin sirrinka a ciki. Mukullinsa shi ne kalmar da kake shiga da ita. To ni da na ce ta buɗe kai tsaye, na hana ta mukullin ke nan, dole ta tare ni a ƙofa kullum.

Maganin biyu ne. Ko ka je Settings, ka shiga Users, ka kashe "Automatic Login". Ko kuma a saitin waifai ɗin ka zaɓi "Make available to other users", sai kalmar ta bar akwatin ta koma fayil ɗin kwamfutar. Na biyun ya fi sauƙi, amma duk wanda ya zauna gaban laftaf ɗin zai hau da sunanka, mu kuwa a hostal ba a rasa mai aro. Shi ya sa na ɗauki na farko.

Masu Windows, in taku na yawan tambaya, ku danna "Forget" a kan netwok ɗin, ku sake haɗawa, ku tabbata kun zaɓi "Connect automatically".

Gwajin dai 11 na samu cikin 20, tambaya huɗu ko karanta su ban kai ga yi ba. Har yau ban faɗa wa Yaya ba.