Kajin Kalalatu

Mu da muka yi firamare a Argungu tun garin yana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991, da Magana Jari Ce muka goge baki a karatun Hausa. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, littafin farko ya fito a 1937, amma mu a lokacin gani muke kamar a bakin kogin Matan Fada aka yi labaran.

Wanda ya fi kashe mu da dariya shi ne na Kalala da Kalalatu. Miji, wato Kalala, ya kawo kaji biyu a gyara domin baƙo. Mata tana soyawa tana ɗanɗanawa, yanzu fiffike, anjima cinya, har tukunya ta koma wayam. Da baƙo ya iso, sai ta raɗa masa cewa wuƙar da maigida ke wasawa domin shi ake wasa ta. Baƙo ya ari ta kare. Ta juya ta ce wa miji baƙonsa ya gudu da kajin. Ga Kalala nan a guje da wuƙa tsirara yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo kuwa yana tsammanin wata gaɓa ta jikinsa ake nema. A aji har ƙwalla muke yi, malam na buga tebur.

A gida abin ya sha bamban. Bayan sallar isha'i nakan karanta wa matan gidanmu a gindin fitilar ƙwai, kuma na lura ba wurin gudun baƙo suke dariya ba, wurin cin kajin ne. Gwaggona ta ce, "Ɗan nan, sake karanta mini inda ta gama da ta biyun." Na sake. Ta tafa hannu, ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Sai da na girma, aiki ya kai ni Birnin Kebbi, na yi nawa iyalin, sannan na ga dalilin Gwaggo. A gidajenmu na da, in aka samu giwan ruwa ko kaza, tsoka zaure take tafiya. Wadda ta sha hayaƙi tun la'asar, kai da romo ne rabonta, in yara sun rage. Karamcin maigida na idon waje ne, domin gobe a faɗa a majalisa cewa wane ba ya ci shi kaɗai.

Masu nazari sun nuna cewa tushen labarin yana cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, kuma a can mai cinye kajin kuku ce da ke yi wa ubangidanta aiki. Imam ya mai da ita matar aure. Wannan ɗan sauyin shi ne gugar zanar: ya nuna gidan da matarsa ba ta iya ƙoshi da naman da ta dafa sai da ƙarya da sata, ya kuma bar miji da wuƙa a hannu yana bin wanda bai ci ba bai sha ba. Malamanmu sun ce darasin labarin illar kwaɗayi ne, haka muka rubuta a jarrabawa, aka ba mu maki. Ni dai a yau fassarar Gwaggo na fi yarda da ita.