'Yar Tsegumin Da Ta Kusa Hallaka Mu

Jama'a, a wannan mako ina so in ba ku labarin wata 'yar na'ura da na gani a ƙasar Amurka. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, amma saura ƙiris ta sa a yi jana'izar mutum huɗu rana ɗaya.

Cikin shekarar 2018 na kai ziyara wurin ɗan wana, wanda ke aiki a birnin Baltimore ta Jihar Maryland. Ran da ya zo tarye na a filin jirgi, sai na ga wani ɗan baƙin akwati manne a gilashin gaba na motarsa, yana ta ƙyafta wuta. Na ce masa, "Kai, wannan kuma fa?" Ya yi dariya ya ce, "Baffa, 'yar tsegumi ke nan. Ita ke gaya mini inda 'yan sanda suka laɓe suna auna gudun motoci."

Ashe abin tsohon yayi ne a can. Tun 1968 wani Ba'amurke, Dale Smith, ya ƙera irinta ya sa mata suna Fuzzbuster. Kasuwarta kuwa ta buɗe a 1974, lokacin da gwamnatin ƙasar ta ƙayyade gudun mota ga mil 55 a awa saboda ƙarancin man fetur, dokar da ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1995. Har yau an yarda mai motar kansa ya ɗaura ta a yawancin jihohi, ban da Virginia da birnin Washington, an kuma hana manyan motocin haya amfani da ita ko'ina a ƙasar.

To, ga yadda abin ya ke. Makami biyu 'yan sanda ke da shi na auna gudu. Na farko shi ne rada, wadda ke watsa igiyar rediyo ta bugi mota ta komo, daga canjin da ta komo da shi a gane saurin motar. Igiyar nan bazuwa ta ke yi, saboda haka 'yar tsegumi kan jiyo ta tun daga nesa, tun ana auna motocin da ke gabanka. Na biyu shi ne bindigar lesa, wadda ta fito a 1989. Ita wannan wani siririn haske ta ke harbawa wanda ido ba ya gani, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya komo. Faɗinsa bai wuce kamar ƙafa 3 ba a nisan ƙafa 1,000. Ɗan sanda kan auna lambar motarka ko fitilarka, kafin daƙiƙa guda ta cika ya riga ya san gudunka. Wato duk ran da 'yar tsegumi ta yi kukan lesa da gaske, ihu ne bayan hari.

Ni ban san wannan ba a lokacin. Ran wata Asabar da la'asar sakaliya muka kama babban titi mai lamba 70, muka nufi yamma wajen garin Frederick gaida wani ɗan garinmu da aka yi wa rasuwa. Ina gaba, matarsa na baya rungume da jaririya. Rana ta yi ƙasa, tana dukan fuskarmu. Yaro ya taka totur, allurar maleji ta zarce abin da aka rubuta a allo da kamar mil 15. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce, "Kada ka damu Baffa, in da wani abu za ta faɗa."

Bai rufe baki ba sai ta tsala wata ƙara mai huda kunne. Kafin in ce me, ya danna birki iyakar ƙarfinsa. Na ji kaina ya yi gaba, ɗamarar kujera ta shaƙe ni. Daga baya kuwa sai ƙugin hon da ƙarar taya, wata tirela ta goce ta wuce mu ta hannun dama, kusa har motarmu ta girgiza. Jaririya ta fashe da kuka, uwarta na ta salati. Muka duba gabas, muka duba yamma, babu ɗan sanda, babu dalilinsa.

Kafin mu isa ta sake yi har sau uku, duk na banza. Da na matsa masa da tambaya, sai ya yarda cewa haka ta saba. Daga baya na bi diddigin abin, na gane dalili. Idon da aka sa mata yana jiran haske ne mai tsawon zango wajen nanomita 905, to amma ba bindigar ɗan sanda kaɗai ke fitar da irinsa ba. Hasken rana na ɗauke da shi, musamman in ta yi ƙasa tana walƙiya ta tsakanin itatuwa ko ƙarafan gada. Wasu fitilun birki da fitilun tallan kantuna su kan ruɗe ta. Wasu motocin zamani kuma suna da tasu lesar a goshi, wadda ke auna tazararsu da motar gaba don kada su yi karo. Ko wayar hannu aka ajiye kusa da ita, wani lokaci sai ta ɗauka. Ta ɓangaren rada ma haka ne: ƙofofin kantuna masu buɗe kansu, da na'urorin da ke tsaron gefen mota, duk su kan sa ta kuka.

Kashegari da hantsi muka juyo. Ya rage mata murya, don ta ishe shi. Muna gangarowa wani tudu ta yi ƙara a hankali, ya ce, "Ƙyale ta, ƙarya ta ke yi." Wannan karon gaskiya ta faɗa. Sai ga fitila ja da shuɗiya a bayanmu. Ya tsaya a gefe, ya ɗora hannu biyu bisa sitiyari, ya ce da ni cikin rawar murya, "Baffa, don Allah kada ka motsa, kada ka sa hannu aljihu." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar yaron nan kamar na wannan rana ba. Ɗan sandan ya yi mana magana cikin ladabi, ya karɓi lasin, ya rubuta takardar tara, ya sallame mu.

Tara dai kuɗi ne, an biya an wuce wurin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yaro mai ilmi da hankali ya ɗauki amanar ransa da ta iyalinsa ya damƙa wa akwati. In ta yi shiru sai ya ga hanya tasa ce, alhali kuwa shirunta bai san da ramin titi ba, bai san da barewar da za ta gitta ba. In ta yi kuka sai ya taka birki bai dubi madubi ba. Da ta yawaita ƙarya kuma sai ya daina saurarenta, har ta faɗi gaskiya bai karɓa ba. Ko da ma ya karɓa, aikin gama ya gama.

Mu ma nan gida muna da tamu 'yar tsegumin, ko da ya ke ba ta sayarwa ba ce. Direba ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sai ya dinga ƙyafta wa masu tahowa fitila. Kowa ya lafa, da an wuce su a koma gidan jiya, sai ka ce don jami'in aka ce a rage gudu, ba don fasinja ba.

Da za mu rabu a filin jirgi na ce masa, "Ɗana, ga maleji nan a gabanka, bai taɓa yi maka ƙarya ba, ba ka kuwa saye shi dabam ba. Shi za ka riƙa duba." Bai ce mini komai ba. Amma bayan wata biyu matarsa ta aiko mini da hoton jaririyar cikin mota, na lura gilashin gaba fayau, sai ɗan tabon inda abin ya taɓa mannewa.

Allah ya kiyashe mu sharrin ƙarfe, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.